Shafin Lafiya: Abin da Gwajin Asalin Ƙwayar HIV Ke Nunawa Tsakanin Masu Allurar Kayan Maye

Tambaya: Likitoci, barkanku da aiki. Ina aikin sa-kai da matasa a Asawase, kuma na ji ana cewa daga jini ake gane hanyar da HIV ta bi tsakanin masu yi wa kansu allurar kayan maye. Yaya ake yin hakan? Daga wani malamin makaranta, Kumasi.

Amsa: Malam, barka kadai. Ba gadon mutumin (wato tsarin halittarsa) ake karantawa ba, gadon ƙwayar cutar da ke jininsa ne. Tsarin halittar HIV jerin haruffa ne kusan 9,700, kuma duk lokacin da ta hayayyafa takan yi kuskure wajen kwafarsu. Kusakuran nan suna taruwa, don haka ƙwayar da ke jikin mutum biyu da suka kamu kwanan nan daga tushe guda tana kama da juna ƙwarai, wadda kuwa ta rabu da daɗewa ta yi nisa.

Ana ɗibar jini a kwalba mai sinadarin EDTA da ke hana shi daskarewa, a ware ruwan jinin cikin 'yan sa'o'i, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Inda babu firiza, akan ɗiga jinin a kan takarda ta musamman ya bushe. A ɗakin gwaji sai a ciro gadon ƙwayar, a ninka wani yanki da ake kira pol da na'urar PCR, a karanta haruffansa. Wannan yankin ne dama ake karantawa idan ana son sanin ko ƙwayar ta bijire wa magani, shi ya sa sau da yawa ba a buƙatar sabon jini. Daga nan kwamfuta ta gwada jerin kowa da na kowa. Idan bambancin bai wuce kashi 1.5 cikin 100 ba, ana sa su a rukuni ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, takan matse ma'aunin zuwa kashi 0.5 idan tana neman yaɗuwar kwanan nan, kuma rukunin da ya samu sabbin mutum 5 ko fiye cikin watanni 12 shi take fara bi.

Rukunin masu allura yakan fito a dunƙule, kusan babu bambanci, saboda cutar tana tsallakawa cikin makonni, lokacin da ƙwayar ta fi yawa a jinin sabon kamu, kafin ta samu damar canzawa. Haka aka gani a 2015 a gundumar Scott ta jihar Indiyana a Amurka: wurin da ba ya samun sabbin kamu 5 a shekara, sai ga mutum 181, yawancinsu masu narka maganin ciwo na Opana suna tsira wa jijiya. Kusan duk jerin da aka karanta iri ɗaya ne, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗauke da ciwon hanta nau'in C.

Inda aikin ke lalacewa kuwa da yawa. Idan ƙwayar ba ta kai kimanin 1,000 a kowace mililita ta jini ba, kamar wanda magani ya danne masa ita, karatun yakan ƙi fitowa. Zafi da ɗauke wuta suna ɓata samfur. Ɗigon jinin wani ya faɗa na wani, ko a musanya lamba, sai a haifar da rukunin ƙarya. Sannan ma'aunan can an gina su ne a kan HIV nau'in B na Amurka da Turai, alhali a Ghana nau'in CRF02_AG ya fi yawa, ga kuma HIV-2, wato ɗaya irin ƙwayar, da ke buƙatar sinadaran gwaji na daban. Babbar matsalar dai ita ce wanda bai zo gwaji ba babu shi a taswirar rukunan, kuma masu allura su ne suka fi gudun asibiti.

Tambaya: An samu ɗana da cutar, kuma na san abokan da suke allura tare. Zan iya kai jininsu a gano wanda ya sa masa? Daga wata uwa, Aboabo.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki haƙuri. Gwajin ba zai ba ki wannan amsar ba. Idan ƙwayar mutum biyu ta yi kama, yana iya zama na farko ya ba na biyu, ko na biyu ya ba na farko, ko dukansu sun ɗauka daga wani na uku da ba a taɓa gwadawa ba. Abin da ya fi iyawa shi ne wanke wanda ake zargi: a shari'ar ma'aikatan jinya 'yan Bulgeriya da aka zarga da sa wa yara HIV a wani asibiti a Bengazi ta Libiya, binciken 2006 ya nuna ƙwayar tana yawo a asibitin tun kafin isowarsu a 1998. Kuma ba a gwada baligi sai da yardarsa, sakamakonsa sirrinsa ne.

Ki mai da ƙarfinki kan maganinsa. Ƙwayar magani ɗaya ce kullum mai ɗauke da sinadarin dolutegravir, ana bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati, har da asibitin Komfo Anokye. A duba masa ciwon hanta B da C da tarin fuka. Matarsa, in yana da ita, da abokan nasa su yi gwaji, wanda ya fito babu ya sake bayan wata 3, domin gwajin yatsa ba ya kama sabon kamu da wuri.

Tambaya: To in ba ya nuna mai laifi, mene ne amfaninsa a gare mu? Daga ɗalibar aikin jinya, Sawaba.

Amsa: 'Yar'uwa, yana nuna unguwar da gobara ke ci yanzu, don a kai ruwa can. A Atina ta Girka, bayan ɓarkewar 2011, shirin ARISTOTLE ya bi ta kan masu allurar kansu suna kawo abokansu, aka gwada sama da mutum 3,000 tare da raba sirinji sabo da haɗa su da magani, sabbin kamu suka faɗi ƙasa sosai. Ba karatun haruffa ya sauke adadin ba, kayan da suka biyo baya ne.

A nan muna da ɗakunan da ke iya irin wannan karatu, kamar cibiyoyin binciken lafiya na Noguchi a Legon da KCCR a jami'ar KNUST ta Kumasi, kuma dokar Act 1019 ta 2020 ta buɗe ƙofar kallon shaye-shaye a matsayin lamarin lafiya. Ra'ayinmu shi ne, duk ranar da sakamako ya faɗa hannun 'yan sanda, an gama da shirin, babu wanda zai sake miƙa hannu. Dole a cire sunaye, a sa lamba.

Abin da za ki gaya wa mara lafiyarki: ƙwayar tana iya rayuwa cikin sirinjin da aka yi amfani da shi har kwana 42, kuma ba allurar kaɗai ba, cokali da auduga da ruwan ɗauraya duk suna ɗauka. Wanda ya yi amfani da sirinjin wani ya zo asibiti kafin sa'o'i 72 su cika, a ba shi maganin kariya na kwana 28.