Sandar fasa ƙwallaye: wasiƙunku kan sunuka

Wani matashi daga Fagge ya rubuto: "Kawu, bakin sandata ya baje tun da nake fasa ƙwallaye da ita. Na tara 'yan kuɗi daga ɗinki. In sayi sandar fasawa daban, ko asara zan yi?"

Kwantar da hankalinka, ƙanena, tambayarka ta mai tattali ce. Fasawa, wato bugun farko da ke watsa ƙwallayen da aka jera, ta fi kowane bugu ƙarfi, fatar da ke bakin sandar wasa kuwa mai laushi ce don ta riƙe alli, shi ya sa ta baje. Sandar fasawa bakinta mai tauri ne, ko dai busasshiyar fata ko roba mai ƙarfi da ake kira fenolik. In za ka saya, nemi mai baki kamar milimita 13, nauyi kuma tsakanin giram 540 da 600. Amma in wasan yamma kawai kake yi da abokai, ɗauki ɗaya daga sandunan da ke jingine a gidan sunukar ka fasa da ita, sannan ka koma kan taka. Kuɗin ɗinkin nan ka sa a canza maka fatar baki, sauran ka adana.

Wani daga Tudun Wada ya ce zai sa maƙeri ya cusa wa sandarsa ƙarfe, wai nauyi ke tarwatsa ƙwallaye.

Haba malam! Taɓarya za ka yi wasa da ita? Saurin hannu da dukan ƙwallon gaba daidai a tsakiyarta su ke watsa ƙwallaye. Sanda in ta yi nauyi da yawa hannunka ma sanyi yake yi. Dokar WPA, hukumar duniya ta wasan "pool" da muke kira sunuka, ba ta yarda sanda ta wuce oza 25 ba, wato kamar giram 700. Ka bar maƙeri ya ji da fatanyu.

Wasiƙa ta uku ita ta fi tsaya min a rai. Wani ɗalibi ya ga sandar Predator a Facebook, kuɗinta bai kai na rabin buhun shinkafa ba, mai sayarwa kuma ya ce a tura kuɗi kafin a ɗora kaya a mota.

Ɗana, kada ka tura ko sisi. Predator kamfanin Amurka ne, sandar fasawarsa ta asali ɗaruruwan daloli ake sayar da ita. Ka lissafa da canjin yau, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan, ka gaya min ta yaya za ta iso hannunka a wannan farashi. Jabu ce. Na riƙe irinta da hannuna: farce na sa a gefen tambarin, sai ga sitika tana ɗagowa, mahaɗar tsakiya kuma tana girgiza ko an ɗaure ta tamau. Mai ita bai yi wata guda ba farin zoben da ke ƙarƙashin fata ya tsage. Abin da ke ɓata min rai, yaranmu sun fi son a hango tambari daga nesa a kan a ga ƙwallo ta faɗa rami, masu jabu kuma sun gane haka sarai. Sanda marar suna wadda take miƙe sak ta fi wannan sau goma, ga ta da araha.

Don haka ka taka da ƙafarka zuwa shagunan kayan wasanni, irin na Sabon Gari. Kwantar da sandar a kan tebur ko gilashin kanta ka mirgina ta. In bakinta yana ɗagawa yana sauka, a karkace take. Ka warware ta biyu ka duba zaren ƙarfen, ka mayar, ka ɗan buga gindinta a tafin hannunka. In ka ji wani abu na kaɗawa a ciki, ajiye musu kayansu. Duk mai shagon da ya hana ka gwadawa, yi masa sallama. In ka saya kuma, kada ka bar ta jingine da bango ko cikin mota a rana. Zafi da bushewar hunturu suna lanƙwasa katako. Ka nema mata jaka.

Alhajin da ke da gidan sunuka a Kaduna, mai tambaya ko ya sayo wa kwastomomi sanda mai bakin fenolik: a'a, ranka ya daɗe. Tana iya barin tabo a jikin farar ƙwallo mai araha, ga ta da santsi a hannun ɗan koyo, sai ta zame ta gurje maka kyallen tebur. Ware sanda biyu marasa mahaɗa, a sa musu fata mai tauri, a naɗa musu jan salatif a gindi don kowa ya san na fasawa ne.