Girke, Jibge da Ko-ta-kwana: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wani mai fassara labarai a gidan rediyo ya rubuto daga Zariya yana tambaya: idan sojojin saman Amurka suka aika wata runduna waje na 'yan watanni, wata ta zo ta canje ta, me za a ce, an tura su, an girke su, ko an jibge su?

Malam, duk ukun Hausa ne, amma ba ɗaya suke ba. Tura tana nuna tafiyar kawai, ba ruwanta da abin da ya biyo baya. Girke 'yar'uwar girka ce, wadda ake faɗa wa tukunya idan an ɗora ta a murhu, don haka tana nuna an ajiye su a wuri da tsari, kuma za su daɗe. Jibge kuwa tana da nauyi da ɗan ƙorafi a ciki: yawa ne ba tsari, kamar yadda ake jibge kaya. Ina yawan jin 'yan jarida suna cewa an jibge sojoji alhali mutum ɗari ne ko ƙasa, wannan kuwa wuce gona da iri ne. Idan aiki ne na lokaci ƙayyadadde, a ce an girke su, sannan a ce ana yi da karɓa-karɓa.

Karɓa-karɓa ta shigo bakin mutane ta ƙofar siyasa, amma ta fi dacewa a nan, domin maimaita kalmar yana nuna ba sau ɗaya aka karɓa ba. Bayan yaƙin Gulf na 1991, jiragen Amurka sun shafe shekaru suna sintiri a sararin samaniyar Iraki ta arewa da kudu, kuma rukunoni kaɗan ne suka riƙa ɗaukar wahalar, har matuƙa suka fara ajiye aiki. Shi ya sa a 1998 aka sanar da sabon tsari, ya fara aiki a Oktoban 1999: aka kasa rundunar sojojin saman gida 10, biyu suna bakin aiki a lokaci guda na kwana 90, cikin zagayen wata 15. Yaƙin Afganistan da na Iraki suka matsa, a 2004 aka mayar da shi kwana 120 cikin wata 20. Tsarin da suka koma wa a 'yan shekarun nan na wata 24 ne, zango huɗu, kowane wata 6: shiri, gwajin cancanta, zaman jiran umarni ko tafiya, sai hutu da gyaran kaya.

Wata ɗaliba daga Agadas ta tambayi yadda za a kira irin wannan runduna mai tashi da kayanta ta kafa sansani inda aka ce. Tambayar ba ta zo da mamaki ba, tunda garinta ya ga irinsu a sansanin jiragen sama na 201, inda jiragen Amurka marasa matuƙa suka riƙa tashi har sojojinta suka fice a Agustan 2024. Ni dai na fi son rundunar tafi-da-gidanka. Mun riga mun saba da kotun tafi-da-gidanka, kowa zai gane ba tare da bayani ba. Sansani ma tsohuwar kalma ce ta mayaƙan dawaki, wurin da ake sauka a yi zango kafin a fuskanci abokan gaba, ba sai an ƙirƙiro wata ba.

Sai tambaya ta uku, daga wani malamin makaranta a Kumasi: shin shirin ko-ta-kwana da karin maganar nan, ba a fafe gora ranar tafiya, abu ɗaya suke nufi?

Suna maƙwabtaka, amma akwai katanga tsakaninsu. Ko-ta-kwana, a fahimtata, maganar matafiyi ce: ya fita da niyyar dawowa yau, amma ya riƙi guzuri ko tafiyar ta kwana. Bai san ranar buƙata ba. Mai fafe gora kuwa ya san ranar tafiya, laifinsa shi ne jinkiri. Gora sai an yanke bakinsa, an fitar da 'ya'ya da tsokar ciki, an jiƙa shi an wanke har ɗacin ya fita, kafin ya riƙe ruwan sha, wannan kuwa ba aikin safiya ɗaya ba ne. To a tsarin zango huɗun nan, shekara guda ta shiri da gwaji ita ce fafe gora, wata shidan jiran umarni su ne ko-ta-kwana. Kuskuren da nake ji a wasu labarai shi ne a ce dukkan rundunar tana cikin shirin ko-ta-kwana kullum. Ba a tsara abin haka ba: kashi ɗaya cikin huɗu ne ke zaune da jaka a ɗaure, sauran suna atisaye, ko ana duba injinan jiragensu, ko suna gida da iyalansu.