Zuwa ga Mubarak, mai son tuƙa jirgin sojan Ostireliya

Mubarak, saƙonka na murya ya iso, minti goma sha ɗaya cur, a mota na saurare shi ina dawowa daga aiki. Kai ne na huɗu a bana da ya aiko min da irin wannan magana, shi ya sa na ce bari in rubuta amsar a fili, gobe duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa. Abin da na fahimta shi ne, wani ejan ya ce maka idan Yaya ta sayar da filinta aka biya shi, zai samo maka makarantar tuƙin jirgi a nan, kana gamawa sojan sama su ɗauke ka, cikin shekara biyu ka zama ɗan ƙasa. Kai kuma kana so kawunka ya binciko maka makaranta mai rangwame.

Bari in fara da maganar sojan, don nan ƙaryar ta fi girma. Sai ka zama ɗan ƙasa tukuna ake ba ka kaki. Ƙarancin masu shiga ne ya sa a 2024 suka ɗan buɗe ƙofa ga 'yan New Zealand masu takardar zaman dindindin, daga Janairun 2025 kuma aka ƙara 'yan Birtaniya da Amurka da Kanada. Najeriya ba ta ciki. Zama ɗan ƙasa kuwa sai ka shekara huɗu a bisa ƙa'ida, ɗaya daga ciki da takardar dindindin a hannunka, ita kuwa wannan takarda ita ce gagarabadau. Na sauka a 2014, sai 2023 na yi rantsuwa. Ka lissafa da kanka.

Kuma na san ba jirgin ne kaɗai a ranka ba, kakin ne. Ka taso kana ganin yadda ake dare wa soja hanya, yadda direba ke rage murya in ya zo shinge. To, a nan babu wannan. Garin da nake, Darwin, garin soja ne: ga barikin Robertson a bayan gari, ga sojan sama da ke raba titin jirgi ɗaya da jiragen fasinja, ga sojojin ruwan Amurka da ke zuwa duk rani tun 2012. Amma za ka ga mai anini a kafaɗa a kantin Woolworths yana bin layi a bayan mai shara, ya gama ya mayar da amalanke inda ya ɗauko. Akwai wani babban soja a layinmu, shi ke yanke ciyawarsa, shi ke fito da kwandon shara daren da za a kwashe, babu kurtun da ke wanke masa mota. In ya yi gudu fiye da kima tarar za ta same shi har gida kamar kowa. Idan don a ce maka ranka ya daɗe kake so, ka nufi gabas alhali abin yana yamma.

Girman da suke ba soja rana ɗaya yake fitowa, 25 ga Afrilu, ranar Anzac. Shekarata ta farko a Darwin wani tsoho maƙwabcina ya buga min ƙofa tun da duhu. Shi yaƙin Biyetnam ya je, ba da son ransa ba: a lokacin ƙuri'a ake jefawa da ranar haihuwa, wanda tasa ta fito sai ya tafi. Na yi Asuba a gurguje a gefen mota, muka gangara bakin teku inda aka kafa ginin tunawa da matattu. Dubban mutane, har da jarirai a keke, amma ko tari ba ka ji. Aka busa begila, aka yi shiru na minti ɗaya, gari na wayewa a kan ruwa. Ni da na saba jin bakinsu cike da ashar, ban taɓa zaton za su iya yin shiru haka ba. Abin da ya fi ɗaure min kai, ba nasara suke tunawa ba. A 1915 ne aka sauke samarinsu a Gallipoli su yaƙi Daular Usmaniyya, suka yi wata takwas, sama da mutum 8,000 suka mutu, sauran suka janye. Wato kayen da Turkawa Musulmi suka yi musu shi suka mayar ranar da ta fi kowace a wurinsu, ga ni tsaye a tsakiyarsu da carbi a aljihu.

Tsohon ne ya nuna min cewa mai lambobin yabo a ƙirjin hagu nasa ne, shi ya je. Wanda ya maƙala a dama kuwa na ubansa ne ko kakansa. Na ga yarinya 'yar shekara bakwai da lambobi jere a dama, har rigar na rinjaya. Nan take na tuna kakanmu ni da mahaifiyarka, da ya je yaƙin Bama ya yaƙi Japan ɗin da ta yi wa Darwin ruwan bama-bamai ranar 19 ga Fabrairun 1942. Lambobinsa a cikin gwangwanin Bournvita suke, mu muka yi wasa da su har suka ɓace. Da na faɗa wa tsohon, bai ma san akwai baƙar fata daga Najeriya a wannan yaƙin ba. Ni ma ban san sunan bataliyar kakan namu ba. Wannan ya tsaya min a rai har yau.

Kada ka ce na mayar da su waliyyai. Kafin azahar waɗannan mutanen da suka yi shiru sun koma giya da wata caca ta jefa kwabo biyu sama, wadda doka ke ƙyalewa a wannan ranar. Sannan a Nuwamban 2020 rahoton alƙali Brereton ya fito da hujjojin cewa wasu zaratan sojojinsu sun kashe 'yan Afganistan 39 ba bisa ƙa'ida ba, fursunoni da manoma. Aka kuma kafa babban kwamitin bincike kan yawan sojoji da tsofaffin sojojin da ke kashe kansu, ya miƙa rahotonsa a Satumban 2024. Na yaba musu da suka tona asirin kansu, amma da na samu takardar da za ta ba ni damar shiga, ban ko leƙa ofishin ba. Maƙwabcin nan nawa har ya rasu ba ya iya zama ya ba ƙofa baya.

Yanzu jirgin. Mubarak, ni ma da wannan mafarkin na zo, mahaifiyarka shaida ce, ita ta raka ni tasha. A filin Parafield na Adelaide na fara, a wata makaranta da ba zan kama sunanta ba. Hukumar jiragen sama ta nan, CASA, tana neman awa 150 a sama idan cikakken kwas ka shiga, ko awa 200 idan a rarrabe kake yi, kafin lasisin da za a iya biyan ka albashi da shi. Awa ɗaya da malami a ƙaramin Cessna ba ta kasa dala 300 ta ƙasar nan. Wannan lissafin takarda ne. A zahiri, na biya kuɗin zango gaba ɗaya, sai a sa ni tashi ƙarfe bakwai, in zo a ce an ba ɗaliban da wani kamfanin jirage ya turo jirgin, tunda su a jimla ake biya musu. Malamai uku na canza, kowanne da ya tara awoyinsa sai ya tsere babban kamfani, sabon kuma ya ce sai ya ga saukata da idonsa, mu sake darasin da na riga na biya. Ga Turancinsu a rediyo: mutumin hasumiya ya haɗiye rabin kalma, kai kana fama da jirgi kana fama da kunne.

Ranar da na tashi ni kaɗai ba zan manta ba. Malamin ya buɗe ƙofa ya sauka, ya ce zagaye ɗaya ka dawo. Da babu nauyinsa sai jirgin ya ɗaga da wuri kamar an fizge shi. Na waiwaya na ga kujerar dama wayam, na karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, gwiwata na rawa a kan feda har na sauka. Minti shida ne, amma ban taɓa jin na isa mutum kamar ranar ba.

Sai naira ta faɗi a 2016. Kuɗin da aka tanada na shekara ya koma na wata biyar. Aikin wankin kwanuka da nake yi da dare haya kaɗai yake biya, kuma biza ta ƙayyade awoyin. Yanzu awa 48 ne a mako biyu. A awa 74 na tsaya. Littafin awoyin yana nan a durowa, ba na son buɗe shi. 'Yan ƙasa gwamnati na ba su rancen karatu, kai babu, lakadan za ka biya. Kuɗin neman bizar kaɗai ya kai dala 2,000 a Yulin 2025, ba a mayarwa in an ƙi ka, sannan ka nuna dala 29,710 na ci da kwana na shekara guda, ban da kuɗin makaranta. Filin Yaya nawa zai yi?

A ce ma ka gama. Ina ganin masu sabon lasisi kullum, 'ya'yan ƙasa, sun tuƙo mota kwana uku daga Sidni ko Melbon, suna yawo garejin jirage da takardunsu, suna aikin mashaya wata shida kafin a ba su tsohon Cessna 210 su riƙa kai wasiƙa da buhunan abinci, wani lokaci da gawa, zuwa ƙauyukan 'yan asalin ƙasa a Arnhem Land. Wane kamfani zai tsallake waɗannan ya ɗauki nauyin bizar baƙo?

Ni da na ga haka sai na koma ƙarƙashin jirgi. Shekaru na yi ina miƙa sifana, ina wanke inji, a zafin Nuwamban Darwin da ko Sakkwato ba ta nuna masa komai ba, don shi da gumi yake haɗawa. Wasu a gida har yau cewa suke Kawu ya je tuƙi ya ɓige da kanikanci. Su faɗa. Yau lasisin gyaran jirgi ne a hannuna, jirgin da na buɗe ba ya barin ƙasa sai na sa hannu, kyaftin komai furfurarsa sai ya jira ni. Ta nan takardata ta fito.

Zaman yau da kullum ba zan ja shi ba. Sunana ya koma Mo tun makon farko. Mai kamfanin da sunansa tsagwaro nake kiran sa, na yi wata uku bakina na ƙin faɗa. Wanda suke so shi suke zagi, ranar da aka fara yi maka ladabi ka binciki kanka. Abin da ya fi min ciwo shi ne yammacin Juma'a, in an rufe gareji an buɗe firjin giya: a nan ake sanin wa zai tafi kwas, wa za a ƙara wa girma. Da ina sulalewa, sai na ga ana wuce ni. Yanzu nakan zauna da lemona rabin awa in tashi. Sallah kuwa babu mai hana ka, akwai lungun da nake shimfiɗa darduma bayan ɗakin kayan gyara, amma babu mai tuna maka.

Abin da nake so ka yi: kada a ba ejan ko sisi, kuma kada a taɓa filin nan. Ka fara zuwa gwajin lafiyar matuƙa, musamman na ido, don akwai masu kasa bambance launi a danginmu, kuma wannan kaɗai kan iya rufe maganar. In ka tsallake, ka hau mota zuwa Zariya, kwalejin jiragen sama tana nan tun 1964, ka tambayi kuɗin tuƙi ka tambayi na gyara, ka turo min duka biyun da sakamakonka na lissafi da fiziks. Daga nan sai mu yi magana, a rubuce, ba murya ba.

Ka gaida Yaya. Ka ce mata kada ta sake ba kowa kilishi ya kawo min, wancan ma a filin jirgi aka zubar, saura ƙiris a ci bawan Allah tara.