Amsar Gwaggo: wai mace jaka ce?

'Yata, saƙonki ya iso har da hoton. Sai da na sa tabarau kafin na gane abin: ɗan mutum a dunƙule, ya rungume gwiwoyinsa, ga ƙaton kai, yana zaune a cikin ƙwayar maniyyi. Na yi dariya har na ƙware. Da na sake karanta tambayar kuma sai jikina ya yi sanyi. Wai mai neman naki ya ce miki mace jaka ce, namiji ke kawo ɗa cikakke ita ta yi ajiya, haka al'ada ta ce, ga shi ma Turawa sun zana. Kina tambaya ko haka iyayenmu suka ɗauka. Wannan hira a zaure kuka yi ta? A zamaninmu saurayi ko sunan haihuwa ba ya kamawa a gaban budurwa. Bari dai.

Hoton na san shi tun muna makarantar unguwarzoma. Wani mutumin Holan, Hartsoeker, ya zana shi a 1694, kuma shi kansa bai ce ya gani ba, cewa ya yi da ido zai kai, ƙila abin da za a tarar ke nan. Kafin nan, a 1677, wani mai sayar da yadi a garin Delft, Leeuwenhoek, gwanin goge gilashin ƙara girma, ya hango ƙwayoyin suna iyo. Sai masana suka rabu gida biyu. Waɗansu suka ce mutum yana nan cikakke a ruwan uba, girma kawai yake yi a ciki. Waɗansu suka ce a'a, a ƙwan uwa yake, har suka kai ga cewa duk 'yan Adam an jera su tun farko a jikin Hauwa'u, wani cikin wani, kamar saitin kwalla na jeren amarya. Ƙwan da suke rigima a kansa kuwa ba wanda ya gan shi sai 1827, da wani masani, von Baer, ya same shi a jikin karya.

Ina sabuwar ma'aikaciya a wani ƙaramin asibitin ƙauye aka kawo mini wata yarinya mai naƙuda cikin dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fitilar ƙwai ce a hannun kakarta ta wajen uwa, tsohuwa ce tukuf mai goro a baki. Uwar miji kuwa ta ƙi zama, tana safa da marwa a bakin ƙofa tana faɗin, jinin ɗana ne, namiji ne insha Allahu, mu gidanmu maza muke haifa. Gab da asuba aka sauka lafiya. Mace. Ina goge ta sai na ga cindo a hannuwanta duka biyu, ɗan yatsa yana reto a gefen ƙaramin. Uwar miji ta leƙo ta gani, nan take baki ya juya. Wannan ba namu ba ne, kaf zuriyarmu babu mai yatsa shida, can dai gidansu. Matar da ta kwana tana cewa jinin ɗanta ne! Mai jego ta juya fuska bango tana hawaye. Tsohuwar nan ba ta ce uffan ba. Ta ajiye fitila, ta miƙo gefen hannunta kusa da haske, ga ɗan tabo inda aka ɗaure mata nata da zare tana jaririya. Ta ce, gaskiyarki, nawa ne, kuma ya yi mini arziki. Sannan ta ɗaga jaririyar ta ce, to wannan kunnen kamar faifai fa, na wa ne? Kowa ya dubi kunnen uwar miji. Ni dai na sunkuya ina wanke almakashi don kada a ga fuskata.

Abin da ya ba ni sha'awa daga baya, cindo ɗin nan shi ne ya tsaya wa masu cewa ɗa cikakke yake zuwa a maƙogwaro. Wani Bafaranshe, Maupertuis, a farkon shekarun 1750 ya bi zuriyar wani gida a birnin Balin na Jamus masu yatsu shida, ya ga mutum ya gada daga uwarsa, ita daga tata uwar, shi kuma ya ba 'ya'yansa. In ɗa cikakke yake zuwa daga ɓangare ɗaya, yaya za a yi haka? Yau an san kowa na kawo rabi, zaren gado 23 daga uwa, 23 daga uba. Kuma na uban ne ke raba gardamar mace ko namiji, abin da na gaji da faɗa wa surukai. Ki buɗe Suratul Insan aya ta biyu, ɗigon ruwa gaurayayye aka ce.

Eh, al'ada ta ce ɗa na uba ne, kyan ɗa ya gaji ubansa. Amma wannan zancen nasaba ne da suna da riƙo, wa zai yanka rago, wa zai ba da aure. Da iyayenmu sun ɗauki mace jaka, me zai sa a aika tsofaffi su yi wata suna binciken gidan yarinya? Kakarki ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, takan ce mutum ya zaɓa wa ɗansa uwa tun ba a haife shi ba. In yaro ya fito da wani hali, sai ta ce a nono ya sha. In ya saɓa wa gidansu gaba ɗaya, ta girgiza kai ta ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Auren babanki ma sai da ta je da ƙafarta ta ga kakarki ta wajen uwa, da sunan neman sayen daddawa.

Ku yanzu a waya kuke haɗuwa, a waya ake bincike, iyaye sai dai a sanar da su rana. Ga gwajin jini ya zo muku a sauƙaƙe, wanda mu ba mu samu ba, amma sai an yi da ku. Na riƙe yara masu sikila da yawa a hannuna, kuma ciwon nan ba ya kama yaro sai ya samo daga uwa da uba duka. In ku biyu AS ne, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu. Kun yi gwajin? Ba ki ambata ba, sai zancen zane.

Shi yaron ban yanke masa hukunci ba tukuna, ƙila tsokanarki yake yi, ƙila kuma a gida ya ji. Wannan nake so in sani. Uwarsa tana da rai? Yaya babansa yake riƙe da ita? Ki kawo mini shi bayan sallah da takardar gwajin a hannu, in ga zamansa da gaisuwarsa. Ki gaida babanki, ki ce masa kada ya karɓi kuɗin gaisuwa sai mun yi magana.