Ku Tambaya Mu Amsa: "Maigidana ya ce gara ya mutu ya huta"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama, dan Allah a sakaya sunana. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole ta Damagaram, kaya yake ɗaukowa daga Kano, to tun da aka rufe boda a 2023 jarinsa ya karye bashi ya hau kansa, ko da aka buɗe bai koma daidai ba. Yanzu ya yi watanni ba ya barcin kirki, kullum gabansa na faɗuwa, wani lokaci tsakar dare sai ya miƙe zumbur yana haki zufa na karyo masa ya ce shi kam mutuwa zai yi. Mun je likita an auna tansiyo an yi analiz an duba zuciya an ce lafiya lau. Innarsa ta ce sammu ne, an sha rubutu an yi hayaƙi, shiru. Ya fara sayen tramol da ƙwayar barci wajen masu talla. Abin da ya sa na rubuto, shekaranjiya ina miƙa masa shayi ya ce min "ni gara in mutu in huta, ku ma ku huta da ni". Malama fargaba kawai tana iya sa mutum ya kashe kansa ne, ko faɗa kawai yake? Ina tsoron in tambaye shi kar in sa masa abin a rai.

Wata 'yar'uwa daga Garin Malam

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwata, sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba shi lafiya. Amsar ita ce eh, tana iya kai mutum can, kuma maganar da ya faɗa miki kar ki ɗauke ta faɗa kawai. Ba ina cewa lallai zai yi ba, mafi yawan masu wannan ciwo ba sa cutar da kansu, amma a cikin wasiƙarki na ga abubuwan da in suka haɗu wa mutum ɗaya likitoci ba sa jira: rashin barci, firgita cikin dare, bashi, ƙwaya, sai kuma jin cewa ya zame wa iyalinsa kaya. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar min da hankali.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon fargaba, ko da yake sai wanda ya gan shi ido da ido zai tabbatar. Jiki yana da shirin da yake yi in haɗari ya taso, zuciya ta ƙara gudu numfashi ya ƙaru zufa ta karyo don mutum ya gudu ko ya kare kansa, to mai wannan ciwon shirin nan ne yake tasar masa ba haɗarin komai a gabansa, ya kai ƙarshen tsananinsa cikin kamar minti 10 sannan ya lafa, shi ya sa ana auna zuciya sai a ga ba komai. Ba ƙarya yake ba, ba ragwanci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan mutum 1 cikin 4 ne kawai ke samun magani. Mata sun fi kamuwa, amma maza sun fi mutuwa ta hanyar kashe kai, kuma kin san mazanmu na Damagaram, namiji ya zauna a fada ya sha shayi ya yi dariya da abokai ya dawo gida da abinsa a ciki, don kar a ce ba shi da tawakkali.

Da can likitoci ma sun ɗauka ciwon damuwa mai kashe jiki, wanda mutum ke rasa jin daɗin komai, shi ne babban abin da ke kai mutum ga kashe kansa. A 1989 wani bincike a Amurka ƙarƙashin Myrna Weissman ya nuna cikin masu ciwon firgita irin na maigidanki kusan kashi 20 cikin 100 sun taɓa yunƙurin kashe kansu. An yi ta gardama a kai, wasu suka ce ai damuwar da ke tare da firgitar ce ta jawo. A 1990 Jan Fawcett da abokan aikinsa suka bi masu ciwon damuwa suka ga waɗanda suka fi shiga haɗari cikin shekara guda su ne masu tsananin fargaba da firgita da rashin barci da shan giya. Sai a 2005 Jitender Sareen da abokansa suka duba bayanan dubban manya a ƙasar Holan da aka bi na shekara 3, suka ga fargaba ita kaɗai tana ƙara tunanin kashe kai da yunƙurinsa, in kuma ta haɗu da damuwa abin ya fi muni. Ni a ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne, mutumin da ya yi wata da watanni ba barci ba natsuwa ba mutuwar yake so ba, hutu yake nema, ƙwaƙwalwar da ta gaji kuwa ba ta ganin ƙofa sai guda.

Yanzu batun tambayarsa. Ki tambaye shi. An yi bincike a kan wannan sosai, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin a rai, sau da yawa ma sauƙi yake ji don a ƙarshe wani ya ji shi. Ki bari yara su yi barci ki zauna kusa da shi ki ce, Maigida maganar da ka yi rannan ta tsaya min, kana tunanin kashe kanka ne? Da sunansa za ki kira abin, ba kewaye-kewaye. In ya fara magana kar ki katse shi da "haba, kai ba musulmi ba ne", ya san haramun ne, ya fi ki jin nauyin hakan, kuma wa'azi a wannan lokacin rufe masa baki kawai zai yi. Ki tambaya ko ya shirya wani abu, ko ya taɓa gwadawa a baya, domin wanda ya taɓa gwadawa shi ya fi kowa shiga haɗari. In ya ce eh ya shirya, to daren nan ba a barinsa shi kaɗai, ki kira yayansa ko amininsa ku kai shi urjans, wato ɓangaren gaggawa na asibiti, kar ki yarda ki yi masa alkawarin rufa asiri.

Tun kafin ku yi maganar ki kwashe maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyin da ke gidan ki kai wani gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kusan kashi 1 cikin 5 na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne, kuma ƙasar Siri Lanka da ta hana sayar da mafi guba daga cikinsu mutuwar ta ragu ƙwarai. Tsananin tunanin yakan zo ya wuce, in ba abin a kusa mutum sai ya kai gobe.

Tramol da ƙwayar barcin nan ta masu talla su ne suka fi ban tsoro bayan maganarsa. Suna ba da sauƙi na 'yan awoyi, in suka sake shi fargabar ta dawo ta fi da, haɗa su kuma yana iya tsayar da numfashi, ga shi suna cire wa mutum birki ya aikata abin da da hankalinsa ba zai yi ba. Amma kar ki zubar masa ya daina rana ɗaya, in jiki ya saba yana iya jawo farfaɗiya, likita ne zai rage masa a hankali.

Cikin satin nan ku je babban asibitin Zinder ku nemi ɓangaren masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ku fara da majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar unguwa, ya tura ku. Na san abin da mutane za su ce, an kai wane wajen mahaukata, ki toshe kunnenki. Ki shiga tare da shi ki faɗi maganar da ya yi da bakinki don shi zai iya ɓoyewa. Ki roƙa a duba maƙoƙo da ƙarancin jini in ba a duba ba, su ma suna sa bugun zuciya. Akwai magani irin su fluoxetine da sertraline, sai dai suna ɗaukar sati 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsu kuma a kwanakin farko wani yakan ƙara jin rashin natsuwa, saboda haka ke za ki riƙe maganin kina ba shi kina lura. Akwai kuma maganin zama a yi magana, inda ake koya wa mutum yadda zai tari tunanin da yadda zai ja numfashi in abin ya taso. Shayi mai ƙarfi da nescafe da dare a rage.

Inna kuma kar ki yi gardama da ita. Ki samu wani babba da take jin maganarsa ya ce mata a ci gaba da addu'a a haɗa da asibiti, Annabi (SAW) da kansa ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki kuma ya ce a nemi magani. Bashin ma a zauna da 'yan'uwa a lissafa shi a je wa masu shi a nemi lokaci. Ke ma ki samu wadda za ki dinga faɗa wa, wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ki sake rubuto min in kun dawo daga asibiti.

TAMBAYA

Malama ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou. In firgitar ta taso min sai wani tunani ya faɗo min, "in na cutar da kaina fa?", ni kuma wallahi ba na so, tsoron abin nake. Na kusa aikatawa kenan?

Ɗan'uwanku daga Sabon Gari

AMSA

Ƙanena, tunanin da ke faɗo wa mutum yana ƙinsa yana gudunsa, irin waswasin nan, ya sha bamban da na wanda ke jin mutuwa za ta zame masa hutu har yana shiri. Naka ya fi kama da na farko kuma yana da yawa ga masu fargaba, yana jin magani. Amma ba ni zan yanke maka ta takarda ba, ka je likita ka faɗa masa da kalmomin nan da ka rubuto min. In wata rana ka ji tsoron ya tafi ka fara jin abin yana kwanta maka, ranar nan ka faɗa wa wani na kusa da kai ku tafi asibiti tare.