Jirgin ruwa a bayan mota: da me za a ɗaure shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne da na yi ritaya, ina zaune a Kawo. Na sayi ƙaramin jirgin ruwa na faiba na hannu, tsawonsa kamar mita huɗu da rabi, da injinsa a baya, har da 'yar tirelarsa da ake jonawa a bayan mota. Niyyata in riƙa kai shi dam ɗin Kangimi yarana su yi su da shi. Wanda ya sayar mini ya ce ƙugiyar gaba kaɗai ta isa, in ina so in ƙara da igiya ko roba. Da na shiga kasuwa kuma sai na tarar da bel ɗin ɗaure kaya iri-iri, kowanne da kuɗinsa. Wanne zan saya, kuma guda nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya sanya albarka a wannan saye. Amma maganar mai jirgin nan, a bar masa abarsa. Ƙugiyar da yake nufi tana jikin winci ne, abin nan mai hannu da ake juyawa a jawo jirgi daga ruwa ya hau tirela. Aikinsa ke nan, jawowa. Abin da ke hana shi warwarewa wani ɗan haƙorin ƙarfe ne da bai kai yatsa ba, kuma girgizar hanya tana iya ɓalle shi. Ko bai ɓalle ba, winci baya kawai yake hana jirgi komawa. Ba ya hana shi yin gaba, ba ya hana shi tsalle.

Yin gaban nan shi ne abin tsoro. Ma'aunin da masu dakon kaya a Turai suke aiki da shi shi ne, in aka taka birki da ƙarfi, kaya yana turo gaba da ƙarfin da ya kai kashi 8 cikin 10 na nauyinsa, a kwana kuma rabin nauyinsa ne yake yin gefe. A ce jirginka da injinsa da mai da taru sun kai kilo 500. Ranar da akuya ta gitta maka a Maraban Jos ka danne birki, kilo 400 ne za su nufo gilashin bayan motarka. Sannan 'yar tirela ba ta da nauyi, yawancinsu ma ba su da shokozoba. Duk ramin da ta faɗa, jirgin zai ɗaga ya dawo ya bugi katakon da yake kai, kuma bayansa, inda inji yake, shi ya fi yin wannan rawa. A haka faiba ke tsagewa ba tare da an yi haɗari ba.

Don haka wuri uku za ka kama shi. A gaba, ka juya winci har hancin jirgin ya manne da robar da aka tanadar masa, babu ratar ko yatsa. Sai ka ƙara gajeren bel ko sarƙa daga zoben da ke hancin jirgin zuwa ƙashin tirela, tana jan sa ƙasa. A baya kuma, in ka duba za ka ga zobba biyu, dama da hagu. Kowanne ya samu gajeren bel nasa zuwa ƙarfen tirela. In jirgin ba shi da su, dogon bel guda ya ratsa ta samansa kusa da baya ya sauka ɓangare biyu. In da zobban, bel uku ke nan, ka sayi na huɗu ka jefa a but.

Sai zaɓe. Nemi bel mai ƙarfen ɗamewa, wanda ake kaɗa hannunsa yana ƙas-ƙas yana tsukewa. Kafin ka tambayi kuɗi, nemi 'yar takardar da aka ɗinke a jikinsa. Wanda ba shi da ita, ajiye shi, ko da mai shago ya rantse maka da shi ake ɗaure siminti. Na Turai suna da alama mai sauƙi: shuɗiyar takarda tana nufin zaren foliyesta ne, koriya nailan. Shuɗiyar za ka ɗauka, don foliyesta ba ya miƙewa sosai, kuma ya fi jure rana da ruwa. Nailan in ya jiƙe saki yake yi. A takardar za ka ga haruffan LC da lamba da daN a gefenta, wato nauyin da aka yarda bel ɗin ya riƙe. DaN ɗaya kusan kilo ɗaya ne. Na Amurka WLL suke rubutawa, da fam, sai ka raba da 2.2 ka samu kilo. Kada babbar lambar da aka buga a kwali ta ruɗe ka. Sau da yawa wannan nauyin da bel ɗin zai tsinke ne, kuma a na Amurka abin da aka yarda ya ɗauka kullum kashi ɗaya cikin uku ne nata. Ga jirgi irin naka, mai faɗin milimita 35 wanda takardarsa ta nuna kilo 500 ko sama ya wadatar.

Ba na ba ka shawarar manyan nan na direbobin daf da tirelar siminti. Sun fi ƙarfin aikin, kuma yaro mai jini a jika zai yi ta kaɗa hannun har gefen jirgin ya lotsa. Ɗamewa ake so, ba murƙushewa ba: in ka kama bayan jirgin ka girgiza, tirelar ta motsa tare da shi kamar abu guda, ya isa. Ka duba ƙugiyoyin ma, masu ɗan murfi a baki sun fi, don buɗaɗɗiya tana zamewa da zarar bel ya yi sako-sako.

Roba kuwa, ta tif ɗin taya da ake ɗaure buhu a bayan babur, ina girmama ta a inda take aiki. Amma duk amfaninta miƙewa ne, miƙewar kuma ita muke gudu. Shuɗiyar igiyar leda ma santsi gare ta, ƙullinta yana zamewa, rana tana cinye ta ta koma gari. Bel ɗin gwanjo in ya koɗe, ko gefensa ya fara zare, ko an taɓa ƙulla shi a tsakiya, shi ma ya gama aiki.

Abu biyu ƙanana. Duk inda bel ya bi ta kan kaifi, sa masa guntun kafet a ƙasa. In kuma dogo ne, murɗa shi sau ɗaya, zai daina kukan nan da iska ke sa shi yana dukan jirgi. Kana fita daga Kawo, kafin ka wuce Rigachikun ka tsaya ka sake taɓa kowanne. A tafiyar farko jirgi yake zama daidai a mazauninsa, bel ya saki.

Tambaya: Ni masunci ne a Kabala. Na yi odar kwale-kwalen katako daga wajen Shiroro. Wani mai walda a Panteka ya ce zai haɗa mini tirela da tsohon gatarin mota. In ba shi aikin, ko in yi hayar mota?

Amsa: Ɗan'uwa, sau nawa kwale-kwalen zai hau titi? In sau ɗaya ne, daga inda aka sassaƙa shi zuwa bakin Kogin Kaduna ya zauna, yi hayar mota mai dogon bodi ka huta. A shimfiɗa tsofaffin tayoyi a ƙasa, a ɗaure shi wuri biyu ko uku. Kada a cusa shi a a-kori-kura rabinsa na reto a waje. Na taɓa bin bayan irin wannan a hanyar Zariya, jan ƙyalle na kaɗawa a ƙarshensa, duk tudun da suka hau sai in ga ƙafafun gaban motar kamar za su bar ƙasa. Ban iya wuce su ba, ban kuma iya matsawa kusa ba.

In kuwa za ka riƙa bin ruwa da shi, yau nan gobe can, tirela ta cancanci kuɗinta, kuma masu waldar Panteka sun iya. Sai dai kai za ka faɗa musu abin da kake so, don tirelar jirgi ba kurar ruwa ba ce. Kwale-kwalen ya kwanta a kan dogayen katakai biyu da aka lulluɓe da kafet ko roba, ba a kan tsiraicin ƙarfe ba. A gaba a yi masa turke mai baki kamar cokali mai yatsu biyu, inda hancinsa zai tokare. A walda zobba masu kauri a jikin ƙashin tirelar, aƙalla biyu kowane gefe. Tunda na katako ba ya zuwa da zobe a hanci, kafinta ya huda ya sa maka na ƙarfe mai noti da faffadan washa ta ciki. Kusa ba ta riƙe wannan aiki.

Inda aka fi kuskure shi ne mazaunin gatari. In ya matso gaba da yawa, nauyi ya koma baya, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya da zarar ka ɗan yi gudu, har ta ja motar. Ana so kamar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na dukkan nauyin ya sauka a kan mahaɗar tirela da mota. Kada a yi waldar ƙarshe sai an ɗora kwale-kwalen an gwada: ɗora bakin tirelar a kan sikelin awon mutum, in duka kilo 600 ne, ka ga 42 zuwa 60. Ka tuna katakon da ya sha ruwa ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba. A Turai tirelar da ba ta da birkin kanta ba ta wuce kilo 750 da kayanta, kuma iyaka ce mai hankali ko a nan.

Ga wani tarko da motocinmu na hannu suka jawo. Dunƙulen ƙarfen da ake jona tirela a kai ba girmansa ɗaya ba. Motar da ta fito daga Turai nata milimita 50 ne. Ta Amurka yawanci inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami na milimita 47.6. A ido duk ɗaya suke. Babban baki a kan ƙaramin dunƙule zai zauna lafiya a gareji, ya fice a ramin farko. Lambar tana rubuce a kan dunƙulen, a karanta. Sarƙoƙi biyu kuma su tashi daga tirela zuwa ƙashin mota, ba bamba ba, a gitta su a ƙarƙashin mahaɗar yadda in ta fice za ta faɗa a kansu maimakon ta caki kwalta. Fitilar birki da sigina a bayan tirela dole ne, kwale-kwalen zai rufe na motarka. Kafin ka fara hawa titi, leƙa ofishin hukumar kiyaye haɗurra ka ji abin da suke buƙata na takardu da lamba.

Tambaya: Maigidana yana barin injin a jikin jirgi in za su yi tafiya, ni kuma ina ganin a cire shi ya fi. Wa ya fi gaskiya? Daga wata mai karatu a Barnawa.

Amsa: Hajiya, in ƙaramin inji ne da mutum ɗaya zai ɗauka, ke ce da gaskiya. A cire shi a kwantar a mota ta gefen da littafinsa ya nuna, don mai fo-sitirok, wato wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur, in aka kwantar da shi ta inda bai dace ba, baƙin mai yana gangarawa cikin silinda. In babba ne, a bar shi, amma a ɗaga ƙafarsa kada farfela ta daki tudun rage gudu, a tokare ta da ƙarfe ko katako zuwa jikin tirela, a ɗaure.

Ki kuma tuna masa da toshiyar ramin zubar da ruwa, musamman da damina. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwan sama na dare guda a watan Agusta yana iya tara masa nauyin buhunan masara a cikin jirgi, yana kai da komo a kowace kwana. A cire toshiyar kafin a tashi, a ɗaure ta a jikin makullin inji don kada a manta mayar da ita a bakin ruwa. In sun isa, kada ya yi ribas da tirela cikin dam nan take. Boris ɗin taya ya yi zafi a hanya, in ya shiga ruwan sanyi zuƙo ruwa yake yi ya lalata giris. Su sauke taru da filafili, kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa, maigida ya taɓa cibiyar tayar da bayan hannu, in ta huce sannan ya ja baya.