Lakcaran Da Ke Harkar Kansa Da Kwamfuta Da Waifai Na Makaranta, Meye Hukuncinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni lakcara ne a wata jami'ar gwamnatin tarayya, an bani kwamfuta da firinta a ofis kuma ina da lambar shiga waifai na ma'aikata. Ina amfani dasu wajen aikin digirina na uku da duba WhatsApp, sannan in lokacin furojet yazo ina bugawa ɗalibaina ayyukansu in fitar musu a firintar ofis su bani wani abu ƙasa da kuɗin biznes senta, kuma na baiwa ƙanina lambar waifai ɗin saboda shagonsa na jikin katangar makaranta sabis na kaiwa wurin. Wani abokin aikina yace babu komai tunda har yau ba'a gama biyanmu albashin da aka riƙe lokacin yajin aikin 2022 ba, wai akwai malaman da suka halatta mutum ya ɗauki haƙƙinsa in ya samu dama. Amma ni zuciyata bata kwanta ba.

AMSA

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa wannan rashin kwanciyar da zuciyarka tayi kar kayi wasa dashi, mutane da yawa sun daɗe da daina jinsa.

Aikin digirinka babu komai, ai bincike yana cikin abinda aka ɗauki lakcara aiki dominsa, dashi ma ake masa ƙarin girma. Duba WhatsApp ko fitar da shafi ɗaya biyu na wata buƙatarka shima al'ada ta yafe shi matuƙar makaranta bata hana ba kuma baya cin lokacin aji. Ba anan matsalarka take ba.

Inda na tsaya a tambayarka kalma biyu ce, "ɗalibaina" da "su bani wani abu". Da zarar kuɗi ya shigo toh ka fita daga amfani ka shiga kasuwanci, kuma jarin ba naka bane, tona (tawadar firinta) da takarda da wutar janareto duk na makaranta ne, wannan cin amana ne ba saɓani, ba sai na karanto maka hadisin wanda aka sa aiki ya ɓoye ko allura ba, ka san shi. Abinda nake so ka duba shine yaron da kai ne supabaizansa, makinsa na hannunka, ka ce masa ya kawo ka buga masa, kana ganin zai iya cewa a'a Malam, na samu mai sauƙi a bakin get? Bazai iya ba. Zai kawo yana murmushi ko da kuɗin motarsa ne, shi a ransa sayen kwanciyar hankali yake. Saboda haka ko da firintarka ce ta gida da kuɗinka ka saya ni bazan baka fatawar kayi wannan harka da ɗaliban da ke ƙarƙashinka ba, domin ta yi kama da kyautar da ake baiwa ma'aikaci saboda kujerarsa. Kuma na ga inda abin ke ƙarewa, yau bugawa ne, gobe a gyara masa babi na biyu, jibi a rubuta masa gaba ɗaya ya ɗauki shahadar da bai sha wahalarta ba ya je yana koyar da 'ya'yan mutane.

Maganar ƙaninka kuwa, lambar nan ba mallakarka bace balle ka kyautar. Imam Ƙarafi a cikin littafinsa Furuƙ ya bambance tsakanin wanda aka mallaka wa amfanin abu, kamar wanda ya kama hayar gida zai iya zama zai iya sa wani, da wanda aka yi wa izini kawai ya amfana shi da kansa, kuma misalin da ya kawo shine ɗakunan kwana na makarantu da wurin zama a masallaci, kai zaka zauna amma baka da ikon bada haya. Lambar waifai ta ma'aikata irin ta biyun ce. Kaje ka canza ta yau ba gobe ba, ka faɗa masa da daɗin baki, in kana da hali ka sa masa data na wata ɗaya daga aljihunka don kar zumunci ya taɓu.

Toh yanzu maganar abokin aikinka, ita ce nake so mu ɗan daɗe akai domin na sha jinta a bakin masu ilimi. Gaskiya ne akwai mas'alar a fiƙihu, ana kiranta mas'alatuz zafar, wato wanda yake bin wani haƙƙi an hana shi sai ya samu dukiyar wancan a hannunsa. Shafi'iyya sun halatta, Hanafiyya sun halatta in jinsin abinda kake bi ne, Hambaliyya a mash'hurinsu sun hana, masu halattawa kuma hujjarsu hadisin Hindu matar Abu Sufyan da Annabi sallallahu alaihi wa sallam yace ta ɗebi abinda zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Kuma ni bana raina abinda kuka gani a 2022, wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba babu albashi, nasan waɗanda suka sayar da motocinsu, daga baya kuma wata huɗu aka biya. Wanda bai ɗanɗana ba kar yayi muku wa'azi da sauƙin baki.

Amma ɗan'uwa a ɗauka ma mun bi masu halattawa ɗari bisa ɗari, mas'alarka bata shiga ciki ba. Hindu daga dukiyar wa ta ɗiba? Ta mijinta, wanda ciyarwar ke kansa. Kai wa kake bi, kuma daga aljihun wa kake ɗiba? Wanda ya riƙe albashinka bai san anyi ba, ko kwabo bai ragu a wurinsa ba. Rim ɗin takardar da ka ƙarar na sashenku ne, shine wanda za'a nema ranar jarrabawa a rasa a ce ɗalibai su haɗa kuɗi. Intanet ɗin kuma ka duba takardar kuɗin makarantar ɗalibanku, galibi akwai kason da suke biya na wannan fannin, ni da idona na ga yara zaune a gindin bishiya kusa da laburare bayan isha'i, sauro na cizonsu, suna ɗaga waya sama suna jiran fotal ya buɗe su yi rijista, a daidai lokacin wataƙila kwastomomin ƙaninka na sauke finafinai da layin da aka biya domin waɗannan yaran. Kaga an zalunce ka sai ka rama akan wanda ya fi ka rauni.

Sannan masu halattawa sun ce gwargwadon haƙƙinka ba ƙari. Kai ka taɓa lissafa tona nawa ka ci ka cire daga ariyas ɗinka, wato bashin albashin da kake bi? In aka biya ragowar gobe zaka mayar? Abokin naka bashi da littafin da yake rubuta wannan, ya dai samu kalmar da zai kwantar da zuciyarsa ne. Kuma haƙƙin da ake ɗauka ta wannan hanya sai tabbatacce, wannan kuwa jayayya ake akansa, maganar in ba aiki ba biya har kotun ma'aikata ta je, kuna da ƙungiya tana bin sawu, mutum baya zama mai ƙara kuma alƙali kuma mai zartarwa shi kaɗai a ofis bayan an tashi. A mazhabarmu ta Malikiyya ma Shehu Khalil da ya halatta a littafinsa Mukhtasar sai da ya sa sharaɗin mutum ya aminta daga fitina da zubewar mutunci, kuma da yazo babin ajiya sai yace baya halatta ka ɗiba daga abinda aka baka amana don mai shi ya zalunce ka, duk da wasu masu sharhi sun sassauta. Kwamfutar nan amana aka baka ka sa hannu ka karɓa, ga hadisin Abu Dawud da Tirmizi, ka bada amana ga wanda ya amince maka kuma kar ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Toh ka aminta daga zubewar mutunci? In gobe aka kafa kwamiti aka kira ka gaban ɗalibanka, mas'alatuz zafar zaka karanta musu? Kuma in kowane ma'aikacin da ke bin gwamnati ya ɗauki wannan fatawa, nas ta kwashi magani, direba ya zuƙe mai, wa zai sha wahalar in ba talaka ba.

Wani abu da baka tambaya ba amma ina ji maka tsoronsa. Duk abinda aka yi da lambarka da sunanka yake fita a wurin masu kula da intanet na makaranta, baka san wa ke zama a shagon ƙaninka ba, in wani yayi damfara ko ya buɗe ƙazanta kai za'a nema, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 a ƙasar nan. Mutane da yawa kuma kalmar sirri ɗaya suke sawa ko'ina, in kaima haka kake toh ka duba ko da ita ake shiga inda kake saka makin ɗalibai, ita ma ka canza.

Abinda ya wuce kuma ka zauna ka ƙiyasta, rim nawa, tona nawa, ka ɗan ƙara akai don ka fita daga shakka, ka saya ka kai sito na sashenku a matsayin gudunmawa, ba dole sai ka tona wa kanka asiri ba. Kar ka ce zaka yi sadaka dashi a masallaci, mai haƙƙin sananne ne yana nan. In bazaka iya lokaci ɗaya ba kayi kaɗan kaɗan duk wata amma ka rubuta ka ajiye inda iyalinka zasu gani ko da ta Allah ta kasance. In kuma kana son sana'ar bugawa don albashi baya isa, ku haɗa hannu da ƙaninka ku sayi firinta a shagonsa shi ya riƙa gudanarwa, ka tabbata dokar aikinka bata hana ba, kuma kar ka tura masa ɗalibi ko ɗaya daga cikin waɗanda kake dubawa.

Wallahu a'alam.